Yaron da ya biya bashin ƙosai: nazarin wani lamari a wata kwaleji a Tahoua

Ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kwalejin gwamnati a cikin garin Tahoua. Shekarar da wannan abu ya faru ni ke riƙe da ɗaya daga cikin azuzuwan turwaziyem, wato ajin ƙarshe da ke zana jarrabawar gama kwaleji ta BEPC, kuma ɗalibai 78 ne a rajistata. Abin da zan rubuta ya shafi ɗaya daga cikinsu, wanda baƙin ciki ya kai ga tunanin kashe kansa. Ba zan ambaci sunansa ba, ko na ƙauyensu, ko na makarantar, na kuma sauya wasu ƙananan abubuwa don kada a gane shi. Kafin in ɗauki bik sai da na nemi izninsa da na mahaifiyarsa. Ita ce ta ce mini: "Rubuta, Mushe, ko Allah shi sa wata uwar ta ji."

Asalin yaron da zamansa a birni

Shekarunsa 16 a lokacin. Ƙauyensu na cikin duwatsun nan na gabas da Tahoua, ta wajen Keita, kuma makarantar firamare kawai gare su. Da ya gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, aka kawo shi birni, aka damƙa shi hannun wani ɗan garinsu mai shago a bakin kasuwa. Duk malamin da ya koyar a kwalejojin Adar ya san irin waɗannan yara. Suna kwana a zaure ko a ɗakin samari, su ɗebo ruwa da asuba, su kai niƙa, su ci abin da ya rage, sannan su iso aji a tambaye su kogunan Afirka. Mai masaukin nasa ba mugun mutum ba ne, ina so a riƙe wannan. Yana ciyar da baki tara da shago ɗaya, ya ƙara na goma saboda zumunci. Ya ba yaron tabarma da tuwo. Lokacin zama ya dubi fuskarsa ne babu.

Mahaifinsa ɗan cin rani ne, kamar dubban mazan Adar. Da zarar an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, tashoshin Tahoua sai su cika da masu tafiya Abijan, Najeriya, Aljeriya da Libiya. Shi Abijan ya saba zuwa. A shekarar da yaron ya shiga ajin katiriyem, na kafin turwaziyem, ne ya sauya hanya, ya bi ta Agadas da Dirku ya nufi Sabha, don an ce can kuɗi sun fi kauri. Ranar da zai tafi ya biyo ta Tahoua, ya dafa kan ɗansa a tasha ya ce: "Wagga tahiya taka ce. Kai dai ka yi karatu, sai ka zama mushe ko likita." Magana ce ta ƙauna, irin wadda kowane uba zai faɗa. Daga baya ita ce ta zame wa yaron dutse a ƙirji.

Abin da muka gani, da yadda muka fassara shi

A watan Oktoba da aka koma makaranta yaron yana cikin goman farko a ajina. Ba mai surutu ba ne, amma kayensa, wato littafin rubutunsa, tsaf yake, taswirorinsa ma nakan ɗaga su in nuna wa aji. Matsakaicin makinsa na shekarar da ta wuce 13 ne bisa 20.

Wajen tsakiyar Janairu, sanyi da ƙura sun kankama, ya bar teburi na biyu ya koma can baya jikin bango. Ya fara kifa kai yana barci da hantsi. Ya daina kawo aikin gida. Rigarsa da ke zuwa a wanke ta koma zuwa da datti, wuyansa ya zurma, lokacin rekere, wato hutun tsakiyar darasi, kuma ba ya shiga ƙwallo, sai ya zauna gindin bedi shi kaɗai yana zana ƙasa da tsinke. Rannan wani abokinsa ya ja masa hula da wasa, ya tashi ya shaƙe shi, da ƙyar aka raba su. Yaron da shekara uku ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mun gan shi, kuma kowane mun ba shi suna. Barcin muka ce lalaci. Faɗan muka ce balaga ce ke ɗibarsa. Ramar muka ce ai duk ƴan ƙauye haka suke da rani. Sau biyu ni da kaina na kore shi waje saboda barci. Surbeyan, mai kula da ladabtar da ɗalibai, ya sa shi sharar fili kwana uku saboda faɗan. Aka rubuta takardar kiran iyaye, ta je hannun mai shago, ya yi masa faɗa a gaban masu ciniki, bai zo makaranta ba don babu wanda zai bar wa shagon. Da sakamakon zango na farko ya fito ya samu 7 bisa 20, ni na rubuta a ƙasan takardarsa cewa ba ya ƙoƙari. Har yau in na tuna wannan layin sai in ji nauyinsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar tana gabana awa huɗu a mako, ban tambaye ta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ba jahilci ne ya hana ni ba. Bayan harin da aka kai ƙauyukan gundumar Tillia ranar 21 ga Maris 2021, inda aka kashe mutum 137, an shirya wa wasunmu malamai ɗan gajeren horo kan yadda ake tallafa wa yaran da suka ga tashin hankali. An koya mana matakai uku na agajin gaggawa ga mai damuwa, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka tsara a 2011: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai samu taimako. An gaya mana cewa a duniya, cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. In aka yi lissafin da ajina, ya haura goma. Amma ni a raina na ajiye darasin don ƴan gudun hijira. Idona na kan yaran da suka fito daga arewa, waɗanda ke firgita in an buga ƙofa. Yaron da bai ji ƙarar bindiga ba, ban sa shi a lissafi ba.

Ranar Talata

Farkon Maris ne, saura kamar mako biyu a kama azumi. A makon sai yaron ya zama kamar an sauya shi. Ya zo da riga wankakkiya. Ya gaishe ni a bakin ofis, ya miƙo mini littafin taswira da na ara masa tun Nuwamba, ya ce: "Mushe, na gode. In na yi muku laihi ku yahe min." Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina yaro ya dawo hayyacinsa, faɗan da aka yi masa ya yi amfani. Har na faɗa wa surbeyan haka. Neman yafiya dab da azumi ai ɗabi'armu ce, kowa na yi, ana ma yaba wa yaron da ya yi.

Akwai wata dattijuwa da ke soya ƙosai a ƙofar makaranta tun kafin a turo ni nan. Yara na ce mata Inna, mu ma haka. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san wanda ya karya kumallo da wanda bai karya ba, tana kuma ba wasu bashi tana riƙe lissafin a ka. Ranar Talatar, bayan rekere, na fito zan sayi ƙosai, sai ta ajiye matsamin ta ce:

"Mushe, tsaya. Yaron nan naka na wajen Keita, ina za shi?"

Na ce babu inda za shi, jarrabawa ce a gabansa.

Ta ce: "Dala saba'in nika bin shi tun sanyi. Yau ya kawo su duka, ya ƙara min dala biyar, ya ce in yahe mai. Na ba shi ƙosai ya ce ya ƙoshi. Jiya na ga ya ba abokinshi jakarshi ta lakwal da kayan awonshi na lissahi. Yaro mai jarrabawa ba ya kyauta da kayan awo. Kuma dubi idonshi, Mushe. Bakin na dariya, idon ba kowa ciki."

Sefa 350 ne bashin. A tsaye nake da ƙosai a takarda, sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Littafina da ya maido, bashinta da ya biya, jakar da ya bayar, yafiyar da yake bi yana nema: kowannenmu an ba shi guntu ɗaya, ita kaɗai ta haɗa biyu ta ga siffar abin. A horon nan an faɗa mana wannan ƙarara, cewa mutumin da ya daɗe cikin ƙunci in ya wayi gari kwatsam da natsuwa, yana rabar da kayansa yana sallama da mutane, sau da yawa ba sauƙi ya samu ba, shawara ya yanke. Na ji an faɗa, na rubuta a kaye, amma da abin ya zo sanye da rigar ladabi ban gane shi ba.

Ban jira a tashi ba. Na leƙa ajin, malamin lissafi na ciki, na ce a ba ni aron yaron ya taya ni ɗaukar taswirori, don kada idon aji ya bi shi. Muka wuce bayan azuzuwa, gindin bedin da yake zama. Na zauna a kan bulo, na nuna masa wani. Ban zauna gaba da gaba da shi ba, na zauna a gefensa muna duban katanga, don yaron Bahaushe ba ya iya buɗe ciki yana kallon idon babba.

Na ce: "Tun Janairu na ga ka sauya, ban tambaye ka ba, sai ma na kore ka waje. Wannan kuskurena ne. Yau na zo in tambaya. Me ya same ka?"

Ya ce lahiya lau. Na yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji ana karanta darasin Faransanci a ajin sizyem ta taga. Sau biyu bakina ya so ya cika wurin da nasiha, na danne. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa: "Baba ya rasu."

Sai labarin ya fito gutsure gutsure. An kama mahaifinsa a Libiya, an tsare shi a irin gidajen da ƴan cin rani ke kira gidan bashi, ana bugo waya gida ana neman kuɗi. Baffansa ya sayar da garkar albasar da suke da ita a fadama ya aika. Duk da haka a watan Nuwamba labari ya zo cewa ya rasu. Manya suka zauna suka yanke cewa kada a gaya wa yaron sai ya gama BEPC, don kada karatunsa ya lalace. Shi ya sa da hutun Disamba aka aiko masa ya zauna birni ya yi bita. Wata Lahadi a Janairu, ranar kasuwar Tahoua, yana ɗauke da buhu a ka, wani ɗan garinsu da bai san an ɓoye ba ya tare shi ya ce: "Ƙaƙa haƙuri? Allah shi jiƙan Baba, shi sa ya huta." Yaron ya ce amin. Ya kai buhun inda aka aike shi.

Daga ranar ya shiga wani irin kurkuku. Manya sun ce bai sani ba, don haka dole ya zauna a wanda bai sani ba. In ya yi kuka ya tona shirinsu. In baffansa ya bugo waya ta hannun mai shago ya ce Baba na gaishe ka, sai ya ce yana amsawa. Kusan wata biyu yana haka. Ya shiga dako a kasuwa da yamma da ƙarshen mako don ya tara abin da zai aika wa uwarsa, wasu ƴan dako suka koya masa shan tramol don jiki ya ɗauka. Da dare ba barci, da rana barci a aji. Sannan sakamako ya fito da 7.

Ya ce: "Mushe, ni na kashe shi. Don lakwal ɗina ya tahi. An sai da garka. Ga shi ban iya komi ba. In anka kore ni, da wane ido zan dubi innata? In ba ni, ai an rage musu kaya."

A nan ne na yi tambayar da harshena bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Na ce: "Zan tambaye ka wani abu kai tsaye, kuma duk amsar da ka ba ni ba zan yi maka faɗa ba. Kana tunanin kashe kanka?"

Mutane da yawa, har da malamai, suna tsoron wannan tambaya, wai kada a sa wa yaro abin da babu a ransa. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da nuna cewa tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, don mutum ya samu wanda bai gudu daga abin da ke cinsa ba. Na ga haka da idona. Ya ɗaga kai alamar e, kafaɗunsa suka sauka, sai kuka, irin kukan da aka tare wata biyu. Na bar shi ya yi. Da ya lafa na tambaye shi ko ya shirya wani abu, ko ya sa rana. Ya ce e ga duka biyun. Ba zan rubuta ko mene ne ba. Ranar da ya sa ba ta da nisa.

Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. Na ce masa wannan alkawarin ba zan ɗauka ba, don ransa ya fi sirrin, amma aji ba zai ji ba, kuma shi zai zaɓi wanda za a fara gaya wa a danginsa. Ya yi tunani ya ce gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, da ke aure a wata unguwa a nan Tahoua. Uwarsa tana ƙauye cikin takaba, kwanakinta na wata 4 da kwana 10 ba su cika ba tukuna.

Daga wannan lokacin ba a sake barinsa shi kaɗai ba. Na aika a kira darakta, na gaya masa a tsaye cikin jimla uku. Shi ya kira gwaggon a waya. Ni da surbeyan muka raka yaron masaukinsa, ya nuna mana abin da ya ɓoye, muka ɗauke. Wannan matakin ƙarami ne a ido, amma yana cikin waɗanda suka fi ceton rai, domin tsananin irin wannan tunani yakan zo ya wuce, in abin cutarwa ba ya kusa a lokacin, mutum yakan kai gobe. A gidan gwaggon ma mun roƙi mijinta ya kulle magunguna da maganin ƙwarin gona da yake ajiyewa. A ƙasar manoma irin tamu wannan ba abin wasa ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari ne. A daren mijin gwaggon ya shimfiɗa tabarmarsa a ɗaki ɗaya da yaron.

Likita, liman, da gardamar ofishin malamai

Washegari da safe ni da gwaggon muka kai shi likitar unguwa, CSI. Majo, shugabar ma'aikatan jinyar wurin, ta saurare shi ita da shi, ta tambaye shi tramol nawa yake sha a rana, don barinsa kwatsam ma yana da tasa wahalar, sannan ta rubuta mana takarda zuwa wurin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin jiha. A bakin ƙofa gwaggon ta ja ta tsaya. Ta ce: "Mushe, ɗan wana ba mahaukaci ba ne. Kar a kai min shi Pabiyon E." Sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa da ke Yamai take nufi, sunan da ya zama abin tsoratarwa a bakin mutane har a nan, fiye da kilomita 500 daga can. Majo ce ta zaunar da ita ta ce mata baƙin ciki in ya yi yawa ciwo ne kamar hawan jini, ana jinyarsa mutum na gidansu. Gaskiya likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, yawancinsu kuma a Yamai suke. Dalilin ke nan da tsarin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, ya dogara ga koya wa ma'aikatan jinya na kusa da jama'a su gane irin wannan su fara taimako. Yaron ya riƙa zuwa kowane mako, daga baya kowane wata. Abin da suka tattauna da maganin da aka ba shi ko ba a ba shi ba, tsakaninsa ne da su, ban tambaya ba.

A makaranta mutum huɗu kawai suka san cikakken zancen: ni, darakta, surbeyan, da malamin lissafi da ya fi kowa awoyi da ajin. Ko a tsakaninmu huɗun sai da aka yi gardama. Ɗaya ya ce iskoki ne, a kai shi ruƙiyya. Ɗaya ya ce tsoron jarrabawa ne ya sa shi wasan kwaikwayo, in aka lallashe shi gobe goma za su kwaikwaya. Na farkon ban yi jayayya da shi ba, na ce a yi addu'a a kuma je likita, ɗaya ba ya korar ɗaya. Na biyun ne ban yarda da shi ba, har yau kuma ban yarda ba. Fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu a duniya kowace shekara, kuma a tsakanin masu shekara 15 zuwa 29 wannan na cikin manyan dalilai na mutuwa. In muka gaskata yaro goma, tara suka zama ba su kai haka ba, asararmu ƴan awoyi ce. In muka ƙaryata ɗaya muka yi kuskure, babu gyara.

Limamin unguwar gwaggon ya taimaka fiye da yadda na zata. Na je masa da fargaba, don na san abin da ke saurin fitowa bakinmu shi ne haramci da wuta, yaron kuma ya riga ya yanke wa kansa hukunci, ƙarin tsoro ba zai ɗaga shi ba. Malam bai ɓoye hukuncin ba, amma ya karanta masa aya ta 29 a Suratun Nisa'i har ƙarshenta, inda bayan hanin aka ce Allah Mai jin ƙai ne a gare ku, ya tsaya a kan wannan ƙarshen. Ya ba shi labarin yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ya ce masa: "Ɗana, kuka ba rashin haƙuri ba ne. An hana ka naka makokin, to yanzu ka yi shi."

Abin da ya fi komai aiki, a ganina, shi ne zuwa ƙauye. Darakta ya ba shi mako ɗaya. Ni da gwaggon muka raka shi ranar Asabar. Baffan ya sunkuyar da kai, ya ce shi alheri ya nufa, kuma na yarda da shi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, da wannan aka rene mu duka. Sai dai mutuwar uba ba ta ɓoyuwa a ƙasar da kowa ke haɗuwa a kasuwar Lahadi, kuma in ta fito ta bayan gida, yaro yakan rasa uban ya kuma rasa waɗanda zai yi kuka a jikinsu. Ina zaune a zaure na ji muryar uwar daga ciki, gwaggon ta riga ta gaya mata abin da yaron ke ɗora wa kansa. Ta ce: "Kai, ɗan nan. Babanka ya tahi Abijan sau bakwai ba a haihe ka ba. Wa ya kai shi sannan? Talauci ya kai shi, kwana ya ƙare mai. Garka kuwa ƙasa ce, ana sake wata. Kai in ka tahi, ina zan sake ka?" Babu wani malami ko likita da zai iya faɗa masa wannan ya shiga.

Komawa aji, da dawowar abin

Ya bar gidan mai shago ya koma gidan gwaggo. Mai shagon da ya ji abin da ya faru ya zo har makaranta, idonsa ya yi ja, yana cewa a zaurensa yaron ke kwana bai sani ba. Daga ranar duk wata yakan aika da sabulu da kuɗi jaka guda. Muka maido yaron teburi na biyu, malamin lissafi ya riƙa zama da shi rabin awa ranar Laraba. Aji an ce musu an yi masa rasuwa, suka haɗa kuɗi suka je gaisuwa, wanda aka shaƙe ɗin nan yana gaba.

Ma'aikacin lafiyar ya sa shi ya rubuta wani abu a shafin ƙarshe na kayensa, ya nuna mini da kansa: alamomin da yake ji in abin zai taso, abin da zai yi da farko, da sunayen mutum uku da zai je wa, ko da tsakar dare ne. A watan Mayu, ana tsakar zafin nan da ke haura digiri 40, aka yi jarrabawar gwaji, ya faɗi warwas. Kwana biyu bai zo ba. Dare na biyu ya tashi mijin gwaggonsa daga barci ya ce: "Baba, abin nan ya dawo." Da safe aka maida shi likita. Gwaggon ta kira ni tana kuka, wai aikinmu ya rushe. Ni kuwa a ranar ne na fara samun natsuwa, don yaron da ya ɗauki mutuwar ubansa wata biyu bai gaya wa kowa ba, yau ya tashi mutum da tsakar dare ya faɗa da bakinsa.

Bai samu BEPC a shekarar ba. Ya maimaita ajin, ya samu a shekara ta biyu. Har yanzu akwai makon da yakan yi shiru, musamman in kaka ta yi motocin cin rani suka fara lodi.

A makaranta mun sauya abubuwa biyu. Yaron da makinsa ya faɗi da yawa tsakanin zango da zango, ko halinsa ya juye, malamin ajinsa zai zauna da shi kafin a rubuta komai a takardarsa ko a kai shi wurin surbeyan. Mun kuma roƙi ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, AME, su riƙa zagayawa masaukan yaran ƙauye, muka sa Inna mai ƙosai da mai gadi cikin waɗanda ake tambaya. Na kuma buɗe kaye na dabam ga ɗaliban da ba gidan iyayensu suke zaune ba: wa ke riƙe da su, ina uban yake, lambar wa za a kira wanda jininsu ne. Bana a ajina su 31 ne. Shida daga ciki har yanzu ban da lambar kowa nasu sai ta mai masauki. Ranar Lahadi mai zuwa zan shiga kasuwa wajen da motocin Keita da Bouza ke sauke kaya, in nemi mutanen garuruwansu.